Garmanin da na shuka da hannuna

Har yau in na bi ta bakin filin shaƙatawar unguwarmu a nan Tawa nakan kau da kai. Itatuwan kam wasu sun tsaya da ƙafarsu. Garmanin ne, wannan mugun haki mai mamaye fili, ba na son gani, don ni na shuka shi.

Bara 'yan fadarmu muka ce mun gaji da shan shayi muna kallon wurin ya koma juji da makwancin awaki. Ranar 3 ga Agusta, da yake tun 1975 ranar 'yancin kai ita ce ranar dashen itace a Nijar, muka karɓo dashe 60 wajen ma'aikatan gandun daji: dogon yaro, bagaruwa, dakwara da aduwa kaɗan. Rami ba a koya wa ɗan Adar shi, ƙasar tassa da rabin wata ce, wato ramukan tare ruwan sama, duk wanda ya taɓa zuwa Keita a nan jihar Tawa ya ga abin da hannu ke yi wa fako. Muka dasa, muka ɗauki hoto, kowa ya watse.

Garmani a lokacin bai wuce gwiwa ba. Muka ce sai an samu sarari a cire shi. Rabinmu suka tafi ƙauye noma, sarari bai samu ba sai Oktoba, bayan an yanke hatsi. Lokacin ya bushe, furen nan rawaya ya daɗe da zubewa, kowane reshe ɗauke da 'ya'ya. Muka sassare shi da adda, muka riƙa jan dami a ƙasa daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Nan ne wayona ya motsa. Na ce me zai sa mu ƙone, tunda manomi ma yakan bar kara a gona don ya tsare laima? Mu shimfiɗa shi gindin kowane dashe, rana ba za ta shanye ruwan ba. Kowa ya ce madalla. Wani tsoho da ke zama ƙarƙashin bango kusa da filin ya kira ni.

"Kai yaro, wannan da kake shimfiɗawa ka duba kansa kuwa?"

Na ce, "Baba, ai busasshe ne, ya mutu."

Ya ce, "Uwar ta mutu. 'Ya'yan fa?"

Na yi dariya na ci gaba da aikina. Dariyar nan ita ta fi ci mini rai yanzu.

Duk rani muna karo-karo muna biyan 'yan garuwa, jikka biyu wannan mako, jikka uku wancan, wani lokaci daga aljihuna. Cikin sanyi na fara ganin ɗan tsiro mai ganye da gashi-gashi a bakin ramuka, sai in tsinke da yatsa in wuce. Ban kawo komai ba. Ashe iri na binne a wuri mafi taki da laima a filin duka, ina kuma sayen ruwa ina ba shi.

Ruwan farko na Yuni bai yi mako biyu da sauka ba kowane dashe ya samu zobe kore shar. Hanyoyin da muka ja dami ma suka fito layi-layi kamar an yi shuka da igiya. Dogon yaro bai damu ba, ya riga ya yi sama. Dakwara da aduwa, masu tafiyar hawainiya, su garmani ya rufe ruf. Ga wani abin haushi: akuya ba ta kula garmani, amma takan kutsa cikinsa ta tsinko ɗan dashenmu, ta bar mana shi tsaye. Da muka ƙirga a ƙarshen Yuli, 19 sun tafi, 14 daga ciki a ramukan da na fi cika wa shimfiɗa don ina ganin su ne raunana.

Bana da hannu muka bi shi, washegarin ruwa, ƙasa na da taushi, tun bai yi fure ba. Saiwarsa doguwa ce, mai tauri kamar igiya. In ka sare sama ka bar ta, ka yi aikin banza, zai sake tofo. Wanda ya riga ya yi 'ya'ya kar ka ja shi ko taku ɗaya. Tara shi inda yake, nesa da dashe, ka sa wuta. Ka kakkaɓe wandonka kafin ka fita, don 'ya'yan na da 'yan ƙayoyi masu maƙalewa a tufa da gashin dabba, da haka yake cinye makiyaya da burtali. Inda muka tuge kuma mun watsa irin kyasuwa, shawarar tsohon nan ce, wai ƙasa tsirara ba ta zama babu baƙo. Wannan karon ban yi dariya ba.

Sau huɗu muka tuge a damina ɗaya, kuma Baba ya ce irin da ke cikin ƙasa bai ƙare ba, mu shirya wa baɗi. 'Yan fada sun laƙa mini Sarkin Garmani, har yaran unguwa sun ɗauka. Asabar mai zuwa akwai ramuka shida na gefen gabas da ba mu kai gare su ba, kuma an ce ni kaɗai zan yi su.