Matakalar da na sa aka yi wa kyanwata

Bayan kyanwata ta yage gefen kujerar falo, sai na shiga neman matakalar kyanwa irin wadda nake gani a intanet, mai ginshiƙi da 'yan dandamali hawa-hawa. Kuɗin kawo ta Gusau ya fi ƙarfina, saboda haka na kai wa kafinta hotonta, muka naɗe ginshiƙin da igiyar rama. Mun yi kuskuren ƙaranta gindinta, domin tsalle ɗaya kyanwar ta yi matakalar ta kife, kuma ba ta sake kusantarta ba sai da aka faɗaɗa katakon ƙasa.

Karta ɗabi'arta ce, da ita take zubar da tsohon ɓawon farce. Yakushin wasa kuwa laifina ne, don ni na saba mata wasa da yatsuna tun tana ƙarama. Yanzu gashin kaza nake ɗaurawa a sanda ina ja mata, musamman da asuba da magariba, lokacin da sha'awar farauta ke taso mata. Idan ta kai wa hannuna cafka ba na dukanta, tashi nake yi in bar mata wurin.