Ga ƙannena masu gina shafin intanet a Bauchi

Yawancin matasan da ke kawo mini shafin da suka gina a WordPress, manhajar gina shafi, ko daga ATBU ko daga Tatari Ali, tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, wace fulogin zan saka ya yi sauri?"

Fulogin ƙaramar manhaja ce da ake ƙara wa WordPress don ya yi wani aiki. Kafin ka saka komai, ka san abin da ke faruwa idan an buɗe shafinka. Saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ita ce ke tada PHP, harshen da aka rubuta WordPress da shi, shi kuma ya shiga rumbun bayanai ya kwaso rubutu da farashi, ya harhaɗa shafin, sannan a aika wa mai waya. Duk wanda ya shigo sai an maimaita wannan wahalar. Aikin fulogin na kash, irin WP Super Cache da W3 Total Cache da LiteSpeed Cache, shi ne adana kwafin da aka riga aka harhaɗa, kamar tuwon da aka tuƙa aka zuba a kula, wanda ya zo sai a miƙa masa. Amma abin da aka adana yana iya kwana.

Na taɓa yi wa wani mai sayar da shadda da atamfa a kasuwar Wunti shafi. Da na ga yana nauyi, na ɗora fulogin na kash guda biyu lokaci ɗaya, na kunna matse CSS da JavaScript gaba ɗaya, wato fayilolin da ke ƙawata shafi suke kuma sa maɓallansa aiki. Maɓallin saye ya daina aiki a wayoyi ban sani ba. Mafi muni, da Alhaji ya ƙara kuɗin shadda, jama'a suka ci gaba da ganin tsohon farashi. Ya kira ni ya ce, "Malam, ga mutum a gabana da farashin a wayarsa, me zan ce masa?" Haka ya sayar a tsohon kuɗi don kare mutuncinsa. Har yau abin yana damuna, domin amana ya ba ni.

Saboda haka fulogin na kash ɗaya ya isa. Ka cire shafin kwando da na biyan kuɗi daga cikin abin da ake adanawa, kuma duk sanda aka canza farashi ka goge kash ɗin. Saituna kuwa ɗaya bayan ɗaya ake kunna su, ana gwadawa. Kafin duk wannan ka ɗauki kwafin shafin da UpdraftPlus ko makamancinsa.

Da na zauna na bincika, ashe hotuna ne suka danne shafin Alhaji. Yaronsa na ɗaukar hoton shadda da waya ya ɗora yadda yake, kowanne megabait uku zuwa biyar. Mai saye da ke lallaɓa datarsa ba zai jira ba. Na rage faɗinsu zuwa fiksel 1200, na mayar da su WebP, tsarin hoto mara nauyi wanda WordPress ke karɓa tun sigar 5.8 ta 2021. Nan take aka ga bambanci.

Sai maganar masaukin shafi, wato hayar sabar da shafin zai zauna a kai. Mafi arha yawanci saba ɗaya ce da ɗaruruwan shafuka ke rabawa, sau da yawa kuma tana Amurka ko Turai. Babu fulogin da zai gyara saba mai rauni. Ka tambayi kamfanin irin sabar da suke amfani da ita kafin ka biya, domin LiteSpeed Cache a kan sabar LiteSpeed yake cikakken aikinsa. Cloudflare, kamfanin da ke ajiye kwafin hotunan shafi kusa da masu buɗe shi, na da tsarin kyauta, kuma suna da cibiya a Legas, don haka hotunanka ba sai sun taso daga ƙetaren teku kowane lokaci ba.

PageSpeed Insights na Google zai nuna maka ko babban abin da ke shafin ya fito cikin daƙiƙa 2.5, wanda shi ne ma'auninsu. Kada ka tsaya nan. Ka ari ƙaramar Tecno ko itel, ka kashe wayfai, ka buɗe da data. In kana da ɗan'uwa a Ningi ko Misau, tura masa adireshin ya buɗe, ya gaya maka tsawon jiran da ya yi, sannan ka miƙa wa mai shi aikinsa.