Abin da na tarar a cikin firjin allurar rigakafi

Karatuna na farko na injiniyan lantarki ne, kuma da na zo yin binciken digiri na biyu a fannin makamashi, sai na zaɓi in bi diddigin firjin sola da ake ajiye allurar rigakafi a ƙananan asibitocin karkara. Tambayar da na fita da ita guda ce: wutar da farantan sola ke bayarwa tana isa ta riƙe firjin a tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, dare da rana, bazara da hunturu? Wannan shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa alluran da ke matakin asibitin gunduma, kuma shi hukumar kula da lafiya matakin farko ta Najeriya, wadda aka kafa a 1992, take aiki da shi.

Kafin in taka ƙafa a asibiti ko ɗaya sai da na bi ta kwamitin ɗa'ar bincike, na karɓi takardar izini daga jiha, na kai wa ƙaramar hukuma, sannan na je na gaida hakimi da dagatai. Ɗalibai da yawa suna ganin wannan zirga-zirga ɓata lokaci ce. Ni ban gan ta haka ba. Duk wanda ya tashi a Kano ya san abin da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a 1996 ya bari a zukatan mutane, ya kuma san yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 sai a tsakiyar 2004 aka dawo da shi. Baƙon da ya shigo gari da wata 'yar na'ura yana cusa ta cikin firjin allurar yara, dole ya yi bayani, kuma haƙƙin mutane ne su tambaye shi. Wani dagaci ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Yaro, wannan abin naka ƙara wa allurar wani abu yake yi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ya taɓa ta ma. Sanyi kawai yake aunawa yana rubutawa." Ya sa aka kawo randar ruwa na jefa na'urar cikin leda na tsoma, ya ga lambar tana sauka da idonsa, sannan ya ce in je in yi aikina.

Na fara da takardar tambayoyi, kamar yadda aka saba, na ɗora ta a kan manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox a waya don ta yi aiki ko babu sabis. Amsoshin sun zo tas, kuma kusan iri ɗaya. Firji yana aiki? Yana yi. Ana duba ma'aunin sanyi sau biyu a rana? Ana yi. Takardar da ke manne a jikin firji ma ta gaskata su: safe 4, yamma 5, safe 4, yamma 5, tun daga farkon wata har ƙarshensa, har Asabar da Lahadi. Malamin da ke duba aikina ya kalli hotunan takardun ya ce, "Firjin da ba ya motsi ko da digiri ɗaya a watan Afrilu, ko dai ba a buɗe shi, ko kuma ba a duba shi." A Afrilu zafin rana a wajenmu yana haura digiri 40. Daga nan nauyin binciken ya koma kan ƙananan na'urori masu rubuta sanyi da kansu kowane 'yan mintuna, da kuma zaman da zan yi a asibitocin ina kallon yadda ranar rigakafi take tafiya.

Ɓangaren wuta shi ne nawa, to bari in fara da shi. Tsofaffin firjin sola da batir suke aiki, kuma batirin ne ke fara mutuwa, domin zafi yana cin rayuwarsa, wani lokacin kuma a cire shi a kai shi wani aikin. Sababbin, waɗanda Gavi, ƙungiyar duniya mai tallafa wa rigakafi, ta taimaka wa ƙasashe suka saya da yawa, ba su da batir sam. Da rana wutar faranti tana tuƙa injin kai tsaye, injin ya daskarar da ruwan da ke cikin bangon firjin, wannan ƙanƙarar ce ke riƙe sanyi har gari ya waye. An ƙera su su jure zafin ɗaki har digiri 43, su kuma riƙe sanyi na kwanaki ko da hadari ya rufe rana. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma a mafi yawan wuraren da na auna, firjin kansa ba shi da laifi. Abin da ke kewaye da shi ne ke cutar sa. A hunturu ƙura tana kwanciya a kan faranti har ka rubuta sunanka da yatsa, ga hazo ya rage hasken tun daga sama, sai ka ga injin da ya kamata ya tashi da hantsi bai tashi ba sai rana ta kusa tsaka. Farantin yana kan rufi, asibitin ba shi da tsani, ma'aikaciyar da ke bakin aiki mace ce mai goyo. Wa zai hau? A wani wurin kuma darbejiyar da aka dasa don mata masu zuwa awo su samu inuwa ta girma ta jefa reshe a kan kusurwar faranti ɗaya. Tunda ƙwayoyin faranti a jere ake haɗa su, inuwar da ta rufe 'yan kaɗan tana jan ƙarfin layin gaba ɗaya ƙasa. Shi kansa zafi ba abokin faranti ba ne: duk digirin da jikinsa ya ƙaru sama da 25, ƙarfinsa yana raguwa da abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma a kan rufin kwano da tsakar rana wannan raguwar tana taruwa.

Duk wannan na zata zan gani. Abin da ya sauya mini alƙiblar aikin shi ne layin da na'urorina suka riƙa zanawa a ƙasan sifili.

Mu mutanen ƙasa mai zafi, tsoronmu zafi ne. Ma'aikacin lafiya ya taso da jin cewa zafi yana kashe allura, kuma gaskiya ne, musamman ɗigon shan inna na baki. Don haka a zuciyarsa, gwargwadon sanyi gwargwadon aminci. Amma akwai alluran da daskarewa take lalatawa, kuma ba sa farfaɗowa: Penta, wadda aka shigo da ita Najeriya a 2012, mai kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora da ciwon hanta da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da ciwon huhu, allurar ciwon hanta da ake yi wa jariri ranar haihuwa, ta sarƙe-haƙora da ake yi wa masu ciki, da allurar shan inna ta tsira a jiki. Yawancinsu an haɗa su da wani sinadarin alminiyam mai ƙara musu ƙarfi, in ya daskare sai ya dunƙule, allurar ta rasa kaifinta. Ta ciwon hanta rabin digiri ƙasa da sifili ya isa ya daskarar da ita.

Ga inda abin yake da ban tsoro. Kowace kwalba tana ɗauke da 'yar alama, murabba'i fari a cikin da'ira mai duhu. In zafi ya taɓa ta, murabba'in yana yin duhu a hankali, in ya saje da da'irar sai a zubar. Kowace ma'aikaciya da na tarar ta san wannan alama sarai. Sai dai alamar zafi kawai take gani. Kwalbar da ta daskare da daddare ta narke da safe, alamarta fes take, ruwanta kuma ido ba ya rarrabe shi da lafiyayye. A yi wa yaro a mako na 6, da na 10, da na 14, a cike masa kati, uwa ta tafi gida hankalinta kwance. Wani nazari da ma'aikatan ƙungiyar lafiya ta PATH suka fitar a mujallar Vaccine a 2007 ya tattara binciken ƙasashe da dama, masu arziki da matalauta, ya nuna cewa tsakanin kashi 14 zuwa 35 cikin ɗari na firji ko na jigilar da aka auna sun jefa allura cikin sanyin daskarewa. Ashe matsalar ba tamu kaɗai ba ce, kuma an daɗe da sanin ta. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, babban dalilin da aka bayyana shi ne yawan yaran da ba a taɓa yi wa allura ba, kuma bincikena bai auna jinin kowa ba balle in ɗora laifi a kan firji. Amma tun daga lokacin, duk na ga layin nan ya nutsa ƙasan sifili sai gabana ya faɗi.

A ina daskarewar take faruwa? Na ga ta a firjin gida da aka saya a kasuwa don cike gurbi, inda aka jingina kwalabe da bangon baya kusa da wajen ƙanƙara, aka kuma murɗa maɓallin sanyi har ƙarshe don a tara sanyi kafin a ɗauke wuta. Na ga ta a firjin da aka cire kwandunansa aka zuba kwalabe a ƙasa. Amma inda ta fi yawa shi ne a cikin kular da ake ɗauka a babur zuwa ƙauyuka. Ƙa'ida ita ce a fito da robobin ƙanƙara a ajiye su a waje har su fara narkewa, sai ka girgiza ka ji ruwa yana motsi a ciki, sannan a jera su a kula. A bazara wannan ba ya daɗewa, amma a safiyar hunturu yana iya cin kusan awa. Mai babur yana jira, ƙauyen yana da nisa, mata za su watse su tafi ɗora girki. Sai a ɗauko roba daga firiza tana ƙara kamar dutse a manna ta da kwalbar Penta.

Ban ɗauki wannan a matsayin sakaci ba, kuma ba na son mai karatu ya ɗauka. Incajin wani asibiti, dattijuwa ce da ta kusa ritaya, ita ce mai awo, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai rigakafi, ita ce mai cike rajista. Da na nuna mata zanen firjinta a kwamfuta, ta daɗe tana kallo sannan ta ce, "Ɗana, ranar Lahadi ina garinmu. Ranar Litinin sai in cike gurbin, don in an zo duba mu aka ga fili babu rubutu, takardar tuhuma ce." Na ce, "Hajiya, in kuma kin rubuta 9 ko 10 fa?" Ta ce, "Nan ma tambaya ce." Wannan amsar ta fi mini duk abin da takardar tambayoyi ta tara. Muddin mai dubawa yana hukunta lambar da ta fita daga layi, lambar da ke cikin layi kawai za a riƙa rubuta masa, kuma firjin da ke buƙatar gyara ba zai taɓa bayyana a rahoto ba. Ko na'urar Fridge-tag da ake rabawa, wadda ke ajiye bayanin kwana 30 tana nuna alamar gargaɗi in sanyi ya kai rabin digiri ƙasa da sifili na tsawon awa ɗaya, ko zafi ya haura digiri 8 na tsawon awa 10, na tarar da ita a wasu wurare da alamar a fuskarta, ba wanda ya kira kowa, domin ba a san lambar wa za a kira ba.

Da na koma jami'a, an so in tsaya a kan lissafin wat da kusurwar faranti, tunda sashen makamashi ne. Na yi lissafin, amma na dage sai babin daskarewa ya shiga, malamina kuma ya mara mini baya, ya haɗa ni da wata malama a sashen lafiyar al'umma ta duba mini shi. A jami'o'inmu injiniya yana can, likita yana can, malamin koyarwa yana can, alhali firji ɗaya ya haɗa su duka: wuta, allura, da horon wanda ke riƙe da makullin. Na kuma ƙi yarda a rubuta sunan asibiti ko na ma'aikaci a cikin kundin, lambobi na sa musu, domin alƙawarin da na yi ke nan kafin su buɗe mini bakinsu.

Bayan na kare kundin, na buga wa kowane asibiti zanen firjinsa na kai masa da hannuna, na kuma zauna da mai kula da ɗakin sanyi na ƙaramar hukuma muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Abubuwan da muka tsayar ba masu tsada ba ne. Kwamitin gunduma ya samo tsani da matashin da zai riƙa goge faranti da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. Aka sare reshen darbejiya. Aka rubuta lambar mai gyara da maka a jikin murfin firji. A asibitin Hajiya kuma muka yi gwajin girgiza tare da ma'aikatanta: aka ɗauki kwalba ɗaya daga rukunin da ake zargi aka daskarar da ita da gangan ta kwana a firiza, da safe aka bar ta ta narke, aka riƙe ta a hannu ɗaya tare da wadda ake tuhuma, aka girgiza su na daƙiƙa 10 zuwa 15, aka ajiye su a kan tebur ta fuskar taga. Wadda ta daskare takan yi saurin kwantar da gari a ƙasa, ruwanta ya washe, lafiyayya kuma ta daɗe da gauraye. In wadda ake tuhuma ta kwanta da sauri ɗaya da wadda aka daskarar, ta lalace. A ranar tasu ta daɗe ba ta kwanta ba, aka mayar da rukunin cikin kwando. Hajiya ta sa aka sauya tsarin fita ƙauye: duk wanda ya fara isowa da safe, kafin ya share ɗaki, ya fito da robobin ƙanƙara ya jera su a kan benci.