Daga Sakkwato zuwa Tawa, a kan sawun Moustapha Alassane

Sana'ata tace fim ce, kuma a wani ɗan shago da ke cikin garin Sakkwato nake yin ta, inda mafi yawan aikin da ke shigowa na bukukuwan aure ne da waƙoƙin 'yan siyasa, sai jefi-jefi wani darakta ya kawo fim ɗinsa. A farkon shekarar 2018, sanyi bai gama ja da baya ba, na yanke shawarar zuwa Tawa, wadda ake rubutawa Tahoua, domin in ga garin da Moustapha Alassane, mai shirya finafinai ɗan Nijar, ya zaɓa ya yi zaman tsufansa a cikinsa. Abin da ya tayar da ni shi ne labarin da na karanta cewa a 2017 babban gidan adana fasahar zamani na birnin New York, wato MoMA, ya ware kwanaki yana nuna finafinan wannan mutum, alhali mu da muke maƙwabtaka da shi, muke kuma cin abinci da irin sana'arsa, da wuya a samu wanda ya taɓa jin sunansa a cikinmu.

Motar da na shiga ta bi ta Kware da Gwadabawa har Illela, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. A bakin iyaka na canza nairata zuwa sefa wajen 'yan canji, na hau babur zuwa Birnin Ƙwanni, bayan jandarma da 'yan duwan sun duba takardu sun sallame mu. A tashar Ƙwanni muka daɗe muna jiran mota ta cika, kuma a nan na fara jarraba tambayata ga wani matashi mai sayar da finafinai da ake tura wa mutane a waya. Ya lissafo mini jaruman Kano ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini tarin finafinan Indiya masu fassarar Hausa, amma da na ambaci Alassane sai ya ce, "Malam, wannan mawaƙi ne ko ɗan kokawa?"

Hanyar da ta tashi daga Ƙwanni tana da nata matsayi a tarihin silimar Nijar. A kusa da wannan gari ne, a daren 18 ga Fabrairun 2004, motar da ke ɗauke da Jean Rouch ta yi haɗari, ya rasu yana da shekara 86, kuma Moustapha Alassane yana cikin motar tare da Damouré Zika, tsohon abokin aikin Rouch, amma su Allah Ya yi da sauran kwanansu. Rouch Bafaranshe ne da ya zo Nijar yana injiniya a 1941, daga baya ya koma binciken al'adu da ɗaukar fim, kuma ta hannunsa ne matasa da dama suka fara taɓa kyamara. A cibiyar bincike ta IFAN da ke Yamai ya haɗu da Alassane, yaron da aka haifa a 1942 a N'Dounga, kusa da Yamai a bakin kogin Kwara, wanda ya fara da kanikanci kuma yake da baiwar zane. Tun yana ƙarami yakan yanka kwali ya yi siffofin mutane da dabbobi, ya haska fitila a bayansu inuwarsu ta faɗa kan ƙyalle, yara su taru suna kallo. Mutumin da ya san yadda ake kwance inji a mayar, ya kuma san yadda inuwa ke riƙe hankalin jama'a, ya riga ya mallaki rabin sana'ar tun kafin a miƙa masa kyamara.

Da muka kai mararrabar Tsarnawa sai muka bar babbar hanyar da ta nufi Maraɗi muka karkata arewa, ƙasar Adar ta buɗe a gabanmu da jan dutsenta da tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, kwaruruka kuma a kore da albasa duk inda ruwa ke kusa. Kusa da ni akwai wani magidanci da ke dawowa daga Abijan bayan doguwar rabuwa da gida, ya cika bayan motar da buhuna da akwatuna da wata babbar rediyo a cikin kwalinta. An san mutanen Adar da tafiya neman kuɗi ƙasashen bakin teku, kuma kowa ya san cewa ranar dawowa ba a shiga gari hannu rabbana. Kallon kayansa ya sa na fahimci fim ɗin Alassane na 1966, Le Retour d'un aventurier, fiye da yadda na fahimce shi a gaban kwamfuta. A fim ɗin wani saurayi ne ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da tufafin kaboyi, da huluna da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa, suka sauya sunaye, suka hau dawakai, suka shiga sata da faɗa da raina dattawa har abin ya kai ga zubar da jini. Masu sharhi a Turai sun kira shi fim ɗin kaboyi na farko a Afirka, amma ni abin da na gani a ciki tsohuwar damuwar iyayenmu ce game da abin da matafiyi ke shigowa da shi gida, da kuma abin da majigi ke yi wa kan yara. A cikinsa ne Zalika Souley ta fara fitowa, wadda ake ɗauka mace ta farko da ta riƙi wasan fim a matsayin sana'a a Nijar, haka ma Djingarey Maïga wanda daga baya ya zama darakta mai zaman kansa.

Mun wuce Badagishiri rana ta karkata, muka shiga Tawa dab da magariba. Na sauka a wani masauki mai sauƙin kuɗi, na ci tuwon gero a bakin titi, na kwanta da wuri.

Washegari na ɗauki kabu-kabu na zaga gari. A nan Alassane ya zauna bayan ya shafe shekara 15 yana jagorantar sashen silima a jami'ar Yamai, ya buɗe otal, ya mayar da wani ɓangarensa wurin aiki inda yake zane da ƙera 'yan tsana, daga baya ma ya koyi aiki da kwamfuta yana tsoho. Wannan zaɓi nasa shi ne ya fi ɗaukar hankalina a duk tarihinsa. Ya je Kanada ya koyi zane mai motsi a hukumar finafinai ta ƙasar, inda Norman McLaren yake, mutumin da ya shahara da yin zane kai tsaye a jikin zaren fim, kuma da ya so da ya nemi zama a Faris kamar yadda wasu takwarorinsa suka yi. Sai ya dawo ya zauna a garin da ba shi da ɗakin wanke fim, ba shi da masu zuba jari, ya nemi abin da zai riƙe gida ta hanyar saukar baƙi, domin ya ci gaba da aikin da ba ya kawo kuɗi.

Wanda bai taɓa zama gaban aikin tacewa ba ba zai gane nauyin zane mai motsi ba. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka fim na minti 5 yana cin hoto 7,200, kuma ko da an ɗauki kowane zane sau biyu don a rage wahala, sai an tanadi zane dubbai, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa da abin da bai wuce kaurin tsinke ba. Bon Voyage Sim, wanda ya yi a 1966, kusan tsawonsa ke nan, kuma labarin wani shugaban ƙasar kwaɗi ne da ya tafi ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa, da faretin soja da jirgin sama da jerin gwanon motoci da duk wani shagali da sababbin shugabannin Afirka suka gada daga Turawa. Shekara shida kacal da samun 'yancin kai, saurayi ɗan shekara 24 ya zana shugabanni a siffar kwaɗi. Na sha jin abokan aikina suna cewa rashin kayan aiki ne ya hana mu yin abin kirki, ni ma na sha faɗa, amma wayar da ke aljihun kowannenmu ta fi duk abin da wannan mutum ya mallaka a lokacin ƙarfi nesa ba kusa ba.

Da la'asar na zauna a wata fada inda samari ke dafa shayi a gindin bishiya, na fito da wayata na nuna musu fim ɗin kwaɗin, kwafi ne mai dishi-dishi da na sauke daga intanet. Tun kafin a kai rabi suka fashe da dariya, kowa yana faɗin shugaban da kwaɗon ya tuna masa, har gardama ta kaure. Babu wanda ya nemi a fassara masa komai. Wani dattijo da ke zaune a kan tabarma gefe ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce ya san mai aikin da ido, kamar yadda manyan gari da yawa suka san shi, amma a matsayin mai otal. Na ce, "Baba, a zamaninku ba a nuna irin waɗannan a silima?" Ya ce abin da suka taso suna kallo a silimar da ba ta da rufi shi ne Indiya da kaboyi da 'yan Sin masu faɗa, domin su ne masu gidajen silima ke samu da araha, su ne kuma ke cika kujeru.

Maganar dattijon ta bayyana mini inda gizo yake saƙar. A shekarun 1960 da 1970 Nijar tana sahun gaba a silimar Afirka. Oumarou Ganda, wanda Rouch ya tarar yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, kuma a wannan shekarar Alassane ya fito da dogon fim ɗinsa F.V.V.A., haruffan farko na mace da gida da mota da kuɗi a Faransanci, labarin ƙaramin ma'aikacin gwamnati da son burga da nauyin dangi suka tura shi taɓa kuɗin hukuma har ya ƙare a kurkuku. Bayansa ya yi Toula tare da Bajamushiya Anna Soehring, a kan wani labari na marubucin Nijar Boubou Hama game da fari da budurwar da aka nemi a sadaukar don ruwa ya sauka, a daidai lokacin da fari na gaske ke cin Sahel. Sai dai kuɗin waɗannan ayyuka daga gwamnati da hukumomin ƙetare yake fitowa, a Turai ake wanke fim ɗin, a bukukuwan ƙasashen waje ake nuna shi, kuma bai cika komawa hannun mutanen da aka yi shi a kansu ba. Da farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, ga shi Ganda ya rasu a ranar farko ta 1981, sai harkar ta durƙushe. Mu kuma a Najeriya, tun daga 1990 da kaset ɗin bidiyo ya buɗe kasuwar Kano, mun samu abin da su ba su samu ba, wato masu kallo da ke biya daga aljihunsu, sai dai gaggawar kasuwa ta hana mu irin haƙurin da ake zama da shi a kan zane ɗaya har ya yi daidai.

Kafin in bar gari na je filin kokawa, domin a Tawa aka fara gasar kokawar gargajiya ta ƙasa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kuma Alassane ya yi fim mai suna Kokoa da 'yan tsana, inda kwaɗi da wasu dabbobi ke karawa a fage, da makaɗa da alƙali da 'yan kallo. Ba lokacin gasa ba ne, yara kawai na tarar suna kayar da juna a cikin yashi. Na tsaya ina lura da yadda suke sunkuyawa suna neman ƙafar juna, ina lissafin sau nawa mutum zai motsa hannun 'yar tsana, ya ɗauka, ya sake motsawa, kafin kamu ɗaya ya fito yadda ɗan Adar zai yarda da shi. Alassane ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015, kwanaki kaɗan bayan an rufe FESPACO na shekarar.

A hanyar komawa motarmu ta lalace kafin Tsarnawa, muka yi zaman jiran bakanike har azahar ta wuce. Na yi amfani da lokacin na tura wa direba da wasu fasinjoji biyu fim ɗin kwaɗin a wayoyinsu, direban kuma ya ce in ƙara masa da na kaboyin idan ina da shi, zai riƙa kunna wa mutane a tasha. Na isa Illela ana kiran sallar isha'i, na kwana a can saboda motocin Sakkwato sun riga sun tashi.