Koya wa tsohuwar kwamfutata hasashen kalma

A ɗakina da ke Birni, nan Damagaram, na shafe makonni ina koya wa tsohuwar kwamfutata hasashen kalmar da za ta biyo baya a jimlar Hausa. Na fara da KenLM, manhajar da ke ƙidaya yadda kalmomi suke bin juna: idan ta ga "barka da", sai ta kawo "zuwa" ko "asuba", gwargwadon yawan fitowarsu. PyTorch, manhajar da ake gina tsarin ƙirƙirarriyar basira da ita, ta fi ta zurfi nesa ba kusa ba, kuma kamar KenLM ita ma kyauta ce, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, sai dai ƙaramar kwamfuta tana jin jiki. Babbar wahalata haruffa masu lanƙwasa ne, domin rubutun intanet yakan mayar da "ƙasa" ta koma "kasa".