Saita na'urar auna tashin mota: inda na kwana

'Yan uwa masu wannan sha'awa, barkanmu da war haka. Ga inda aka kwana a kan na'urar nan da ake liƙawa a gilashin gaba, irin su G-Tech, mai faɗa maka daƙiƙa nawa mota ta ci daga tsaye cak zuwa gudun kilomita 100 a awa. Wasunku sun yi ƙorafin cewa tasu maƙaryaciya ce, yau ta ba da lamba kaza, gobe ta ba da wata. Ni abin da na gano shi ne yawancin ƙaryar tun kafin a taka totur ake shirya ta, a wurin saiti.

Wannan na'ura ba gudu take aunawa ba. Turi take ji, sai ta riƙa tara shi daƙiƙa bayan daƙiƙa har ta lissafo gudun. Matsalar ita ce ba ta iya bambanta turin inji da jan ƙasa. Ku ɗora kofin shayi a kan dashbod: in kun taka totur shayin zai koma baya, in kun tsaya a kan hawa ma zai koma baya, kofin bai san wanne ne ba. To haka take. Idan ta karkace da digiri 1 kacal, za ta ji turin bogi na kusan 0.017 na ƙarfin jan ƙasa, wato g. Motar da ke kai 100 a daƙiƙa 10 kuwa, matsakaicin turinta bai wuce 0.28 g ba. Kun ga digiri ɗayan nan ya ci kusan kashi 6 cikin ɗari. A ƙarshen daƙiƙa 10 na'urar za ta rantse kun kai 100 alhali kuna wajen 94, ta ba ku kyautar fiye da rabin daƙiƙa da ba ku yi gumin ta ba. Digiri ɗaya fa, wanda ido ba ya ma gani.

Shi ya sa aikin farko shi ne neman ƙasa mai lebur, kuma a Legas wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kusan duk daɓen da aka zuba a garin nan da gangan aka ba shi gangara saboda ruwan sama ya samu hanya. Gidan mai da kuke ganin kamar faranti, ku lura da inda ruwa ke bi in an wanke shi. Na ari lebur a hannun wani magini a nan Agege, amma tsawonsa bai kai ya gaya mini gaskiyar filin da tayoyi huɗu suke kai ba.

Dabarar da ta fisshe ni ba ta buƙatar komai sai alli. Na faka motar, na zana wurin da kowace taya ta zauna, na danna sifili, wato maɓallin da ke sa na'urar ta ɗauki zamanta na lokacin a matsayin babu turi. Sai na juya motar, gaba ya koma baya, na daidaita tayoyin a kan zanen nan, na duba allon ba tare da na taɓa komai ba. Idan ƙasar lebur ce, sifili za ta sake nunawa. Idan ta nuna 0.02, to gangarar filin 0.01 ce, domin juyawar ta ninka ta biyu. Daga nan ko dai a sake wuri, ko a gyara zaman na'urar har ta nuna 0.01 ta wannan fuska, ta nuna 0.01 na ragi ta waccan. Yaran unguwa sun taru suna kallona ina gaba ina ribas a kan alli, ɗaya har ya tambaye ni ko koyon tuƙi nake yi.

Ku danna sifilin kuna zaune a kujerar direba, injin yana aiki, da duk wanda zai shiga gwajin a ciki. Mutum ɗaya a kujerar baya ya isa ya sauke bayan mota ya ɗaga hancinta. Sannan mariƙin: robar da ke tsotsar gilashi tana laushi a ranar Legas, na'urar ta riƙa sunkuyawa a hankali ba ku sani ba. Na rage tsawon hannun mariƙin, na ɗaure shi tamau, kuma yanzu nakan sake duba sifili kafin kowane tashi.

Akwai wata karkatar da sifili ba ya maganinta. Da kun taka totur, bayan mota zai zauna, hanci ya ɗaga, na'urar kuma ta ɗauki wannan ɗagawar a matsayin ƙarin turi. Masu ƙera ta sun san da haka, shi ya sa akwai lambar gyaran ɗaga-hanci a cikin saitinta. Amma lambar da ta zo da ita ba ta san tokumbo mai gajiyayyen shokozoba da ta sha ramukan hanyar Apapa ba. Motocinmu sun fi zama da baya, don haka sai an ƙara lambar.

A nan ake buƙatar alƙali na biyu, kuma don Allah kada ya zama maleji. Ƙa'idar da masu ƙera motocin Turai ke bi ta hana maleji nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarje masa ya ƙara har kashi 10 cikin ɗari da kilomita 4 a kai. Ga kuma halinmu na sauya taya: wanda ya cire 205/55 R16 ya sa 215/60 R16 don motar ta ɗan tashi daga ƙasa, ya ƙara wa tayar girma da kusan kashi 5 cikin ɗari, malejin kuma bai da labari. GPS ɗin waya ma bai isa ba, domin yawancinsu sau ɗaya suke sabunta bayani a daƙiƙa. Na ari Dragy, wata na'urar auna gudu mai aiki da GPS, a wurin wani abokina, ita sau 10 take karɓar bayanin tauraron ɗan adam a daƙiƙa, kuma karkatar mota ba ta dame ta ba. Na haɗa su biyu a gilashi ɗaya, ina ƙara lambar gyaran kaɗan-kaɗan har suka fara magana da baki ɗaya. Yanzu bambancinsu ba ya wuce ƙiftawar ido, kuma abin da ya fi faranta mini rai, tashi bayan tashi lambobin suna zama kusa da juna.

Duk wannan a 0 zuwa kilomita 60 a awa na yi shi, ba 100 ba. Saiti ba ya buƙatar gudun tsiya, kuma iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sa wa ƙananan motoci a babbar hanya ita ce 100 ɗin kanta. Masu cewa a je gadar Third Mainland da asuba, ban goyi baya ba ko kaɗan. Ba a tsayawa cak a kan gada, ga lanƙwasa, ga mahaɗan ƙarfe masu girgiza na'urar. Ni miƙaƙƙen titi na samu a cikin harabar wani kamfani, da izinin masu wurin, ranar Lahadi da babu tireloli. Ko a can ma sai an je an dawo a raba biyu, saboda gangarar kashi 1 cikin ɗari tana sauya lokacin irin motocinmu da kashi 3 ko fiye.

Kafin ku kwatanta lambarku da ta mujallun Amurka, ku duba abu biyu. Su mil 60 suke aunawa, wato kilomita 96.6, kuma da yawansu ba sa fara ƙirga lokaci sai mota ta mirgina tazarar ƙafa 1, wato wajen santimita 30, abin da ke zaftare wajen 0.3 na daƙiƙa. Na'urarku na da wannan zaɓin. Ni na kashe nawa. Haka ma in ɗan uwa ya turo lamba daga Jos, ku yi masa adalci. Mu muna bakin teku, shi yana sama da mita 1,200, inda injin da ba shi da turbo ke rasa kusan kashi 1 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100.

Abin da ya rage mini shi ne ƙarfin doki, wato ma'aunin ƙarfin inji. Na'urar da nauyin da ka shigar mata take lissafa shi, in ka ƙara nauyin da kashi 5 ta ƙara maka doki da kashi 5. Nauyin da ke takardar mota ba ya ƙunshe da ni, ko tarkacen da ke but, kuma kowace litar fetur kusan gram 740 ce. Don haka na bar wannan shafin ba kowace lamba tukuna. Duk wanda ya san sikelin manyan motoci a wajen Ikeja ko Oshodi da za su yarda ƙaramar mota ta hau, ya yi mini magana, mu je tare kowa ya auna tasa.