Tarihin Rayuwata, Fitowa ta 14: Malmala Ɗaya da Lissafin Kashi Goma

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda barci ya ƙaurace mini bayan dawowarmu, mu sojojin Amurka, daga yaƙin Iraƙi a 2008, har likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora ni a kan wata 'yar ƙwaya mai suna quetiapine. Ba zan yi mata butulci ba, ta yi mini rana. Mutumin da ƙarar rufe ƙofar mota ke sa shi zabura, sai ga shi yana kaiwa asuba bai farka ba.

Sai dai ta zo da baƙo, wato yunwa. Minti arba'in da haɗiye ta, zan tsinci kaina a gaban firiji, ina cin sauran shinkafar rana a tsaye, in bi da shayi mai kauri da burodi. Na bar soja ina da kilo 74, a farkon 2015 na kai 101. Duk lokacin da muka yi waya ta bidiyo da Inna sai ta ce, "Masha Allah, Amurka ta karɓe ka." Ni ma haka na ɗauka.

A lokacin tasi nake tuƙawa a unguwar Bronx ta birnin New York. Abin da ya fara tona asiri shi ne alwala, wadda ba ta kai ni daga Azahar zuwa La'asar, ga ƙishirwa kamar na kwana a sahara. A watan Fabrairu aka ɗebi jinina. Akwai gwajin da ake kira A1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na wajen wata uku. Daga 6.5 zuwa sama ciwon sukari ne, nawa ya nuna 6.9. Likitar ta ce za ta ba ni wata uku in gwada gyaran abinci, in bai sauka ba sai metformin, ƙwayar rage sukari. Ta kuma ce za su zauna da likitan ƙwaƙwalwa a rage mini ƙwayar barcin a hankali, tare da jan kunne cewa kada in kuskura in daina ta da kaina. A bakinta na fara jin cewa tun 2003 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta buƙaci a rubuta gargaɗin hawan sukari a jikin wannan dangin magunguna. Takardar tana cikin kowace ledar da nake karɓa. Ko sau ɗaya ban taɓa warware ta ba.

A watan Afrilu na je ofishin wata ƙungiyar tsofaffin sojoji da ke taimakawa da cike takardun neman diyya kyauta. Wanda na tarar dattijo ne baƙar fata, ya yi yaƙin Biyetnam, yana dogara sanda. Shi ma yana da sukari, amma nasu ya zo da sauƙi: tun 2001 ma'aikatar tsofaffin sojoji, wadda ake kira VA, ta amince cewa wanda ya yi aiki a Biyetnam ya kamu da sukari nau'i na biyu, ana ɗauka gubar Agent Orange da aka fesa wa dazuzzuka ce sila, ba sai ya kawo hujja ba.

"Kai ba ka da wannan gata, ɗana," in ji shi. "Kuma in ka rubuta cewa a soja ka kamu, ka faɗi, don shekaru sun ratsa tsakani. Ƙofarka daban ce."

Ƙofar ita ce sashe na 3.310 na dokokinsu, wanda ya ce ciwon da wani ciwon soja ya haifar, shi ma na soja ne. Sun riga sun amince da firgicin yaƙin da nake fama da shi. Firgici ya kawo ƙwaya, ƙwaya ta kawo ƙiba da sukari. Abin da ya rage shi ne likita ya ɗaure wannan igiya a rubuce, kuma ba a neman ya rantse. Ya isa ya ce yiwuwar ta kai rabi da rabi, domin in hujjoji suka yi kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya. Dattijon ya sa na tattaro gwajin jinina na lokacin soja, da jerin awon nauyina shekara bayan shekara, da ranar da aka fara ba ni maganin. Ya ce kuma in tambayi gida, don abu na farko da za a ce shi ne gado ne. Da na kira Inna na tambaye ta ko akwai mai sukari a danginmu, sai da ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai, faɗa mini gaskiya, me ya same ka?" Uwa ke nan.

Bayan mun cike fom mai lamba 21-526EZ, sai ya jawo wata takarda ya yi mini lissafin da ya hana ni sukuni. Mai sukarin da abinci kaɗai ke riƙe shi, kashi 10 cikin 100 na nakasa ake ba shi, kuma da kason ake yanke kuɗin wata. Mai shan ƙwaya ko allurar insulin tare da kiyaye abinci, kashi 20. Ni kuwa ina da kashi 70 na firgici. To ba tarawa suke yi irin ta kasuwa ba. Suna ɗaukar mutum 100 ne, an cire 70, saura 30 na lafiya. Kashi 10 na wannan 30 ɗin shi ne 3, ya zama 73, a mayar da shi goma mafi kusa, ya koma 70. Ko sisi ba za ta ƙaru ba. In kuwa kashi 20 ne, 6 ke nan, ya zama 76, a ɗaga shi zuwa 80, kuɗin wata ya ƙaru.

Wato in na wahala na bar tuwo na samu sauƙi, ban samu komai ba. In na saki baki har aka ɗora ni a kan magani, a biya ni.

Ba zan ɓoye muku ba, shaiɗan ya zauna da ni a cikin tasi kwana da kwanaki. Ga kuɗin haya, ga yara uku, ga 'yan'uwa a gida da ke ganin dala a bishiya take. Wani abokina da muka yi Iraƙi tare ma cewa ya yi, "Wata ɗaya ya rage maka, ci abinka, in an gama sai ka gyara." Na kai wa uwargida maganar cikin wasa, don in ji ta bakinta. Tana yankan kuɓewa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baban yara, in kuɗin ne ka bari in ƙara kwanakin aiki. Amma a tukunyata dai ba za a dafa wannan dabara ba."

Da na koma wajen dattijon na yi masa zancen a kaikaice, bai yi mini wa'azi ba. Ya sunkuya ya kwance takalminsa na hagu, ya zare safa. Yatsu uku ne. Ya ce, "Sun biya ni kuɗin biyun da babu, duk wata suna biya. Ka saya?" Sannan ya nuna mini abin da ban lura da shi ba: ko kashi 10 ɗin ba ta ƙara kuɗi ba, tana sa ciwon ya shiga rajista a matsayin na soja. In wata rana ya taɓa ido ko ƙoda ko jijiyoyin ƙafa, Allah ya kiyaye, kowanne ana auna shi daban, ba sai an sake faro shari'a daga tushe ba.

Batun abincin kuwa, mai ba da shawarar abinci a asibiti ba ta san tuwo ba, sai da uwargida ta nuna mata hoto a waya. Ta duba malmala biyu da 'yar miya a gefe ta ce mu juya lamarin: rabin faranti ganye, rubu'i nama ko kifi ko wake, rubu'i kawai tuwo ko shinkafa. A gidanmu an mayar da miya uwa, tuwo ɗan rakiya. Wanda ya fi koya mini hankali shi ne ɗan injin gwajin sukari. Awa biyu bayan cin abinci in soki yatsa, ana son kada ya wuce 180. Tuwon shinkafa malmala biyu ya ba ni 243. Malmala ɗaya da miyar kuɓewa mai yawa da kifi, sannan na zaga unguwa da ƙafa na minti ashirin, 158. Kwaɗon zogale da dafaffen wake suka zama abincin rana. Acha, wadda muke samu da tsada a shagunan 'yan Afirka, ta fi shinkafa yi mini sauƙi, amma ita ma in na zarce injin ba ya jin kunyata. Lemon kwalba na bar shi ba tare da kewa ba. Shayin dare ne ya ba ni wuya, shi da fura, wadda har yanzu in na gan ta a gidan suna sai in canza wurin zama.

A ƙarshen Mayu aka sake gwaji. A1c ya sauko 6.3, nauyi 94. Likitar ta ce babu buƙatar metformin a yanzu, ta kuma rubuta wasiƙar da dattijon ya nema, har da jimlar rabi da rabi. Na fito ina murna, ina kuma sane da cewa da hannuna na rufe ƙofar kashi 80.

Sati biyu bayan nan wasiƙar VA ta iso, an sa mini ranar ganin likitan tantancewa. Ranar ta faɗa cikin makon farko na azumi, ga shi ban ma tambayi likitata ko zan iya ɗaukar azumin bana ba. Yadda muka kwashe da mai tantancewar, da abin da dabino uku suka yi mini a buɗa-bakin farko, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.